Mai Ido Ɗaya da Hoton Ido Biyu

Daga ƙofar gidanmu zuwa shagon Kawu Fikri taku ɗari biyu da goma sha huɗu ne, in ba a tare hanya da kujeru ba. A Dumyat kuwa, garinmu na ƙasar Masar, kullum a tare take. Nan an jingine ƙafafun tebur, can an shanya kan gado fenti yana bushewa, garin katako har cikin shayin mutum. A ɗan tsakanin nan akwai shagon kafinta goma sha tara, na masu sassaƙa bakwai, na mai hoto guda ɗaya. Mai hoton nan shi ne Kawu Fikri, yayan mahaifiyata. Ni sunana Tahani, aikina loda kayan ɗaki a mota in tura su garuruwa, kuma tun ina ƙarama ba na wuce abu ban san adadinsa ba.

Kawu bai tashi da niyyar riƙe kyamara ba. Yana da shekara tara kakanmu ya kama hannunsa ya kai shi wurin Usta Mitwalli (usta muke ce wa gwanin sana'a), wanda a lokacin babu kamarsa wajen fitar da fure a jikin katako. Shekara takwas ya yi a can. Ya fara da shara, ya koma wasa ƙarafan sassaƙa, har aka fara ba shi ganye ya sassaƙa. Yana da shekara sha bakwai wani ɗan ɓaraguzan katako ya yi tsalle ya shige masa idon hagu. Idon yana nan har yau, in ka kalle shi ba za ka ce komai ba, amma haske kawai yake bambancewa da duhu.

Da ya warke ya koma shago. Usta ya ba shi katako mai zanen fure ɗaya, ya koma gefe yana kallo. Kawu ya kai ƙarfe, ya sauka inda bai nufa ba. Ya sake kaiwa, ya huda katakon har baya.

Usta ya karɓi ƙarfen a hankali ya ce, "Fikri, sassaƙa aikin ido biyu ne. Mai ido ɗaya tsawo yake gani da faɗi, zurfi kuwa sai dai a ba shi labari. Sa takalminka."

Da kansa ya kai shi wurin wani mai hoto a bakin kasuwa. Ya ce wa mutumin, "Ku dai na ga kullum sai kun kanne ido ɗaya kafin ku yi aiki. Ga wanda ya zo da nasa a kanne."

Haka Kawu ya zama mai hoto. Bai taɓa ɗaukar biki ba. Ya ce amarya motsi take yi, kujera kuwa inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Gadaje yake ɗauka, da kabad, da madubai masu fure a kai, a lika a littafi a kai wa masu saye na nesa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata uku, duk ya aurar. Shayinsa cokali ɗaya da rabi na sukari, kofi shida a yini. In yana zuba wa baƙo sai ya dafa bakin kofin da yatsa tukuna, don kada ya zuba a tebur.

Abin da ya dame shi a sana'ar ya faro ne lokacin da injin sassaƙa ya shigo gari. Inji yana ɗan kartar fuskar katako ne, shi kuwa hannu yana shiga ciki har bayan ganye. Amma a hoto duk ɗaya suke, a shafe. Masu sassaƙa su zo su zauna a shagonsa suna mita.

"Fikri, wata biyu na yi a kan gadon nan, ka maido mini shi kamar an zana da biro."

"Usta, takarda ce. Ko kai na ɗauka, tumbin nan naka shafewa zai yi."

Ana cikin haka wani maƙwabci da ke aiki a jirgin ruwa ya kawo wa 'ya'yansa wata mujalla. A tsakiyarta akwai hoton dutse da kwari, an buga shi da ja da shuɗi a kan juna kamar hannun mai bugawa ya yi rawa. An haɗo da ɗan kwali mai huda biyu, ɗaya da jar leda, ɗaya da shuɗiya, ba shi da maƙalin kunne, ba a san gabansa da bayansa ba. Kawu ya kara a fuska bai ga komai ba sai jan dutse. Ya miƙa wa mahaifiyata. Ta jujjuya kwalin, ta kara, sai ta ja da baya ta dafe bango, ta ce a ɗauke mata kafin ta faɗa ramin.

Kwana uku ya riƙe mujallar. Da idonsa mai gani yake leƙa ja, ya koma ya leƙa shuɗi, sai ya lura dutsen yana ɗan matsawa gefe, na kusa ya fi na nesa matsawa. Nan ya gane hoto biyu ne, kowane ido da nasa.

Ya sa kafinta ya yi masa ɗan katako mai layi wanda kyamara za ta zame a kai. Ya auna tsakanin idanun mahaifiyata da rula, santimita shida da rabi, ya sa alama biyu. In zai ɗauka sai ya yi bisimilla ya fara da dama, kamar yadda yake fara sa takalmi da miƙa shayi, sannan ya zame zuwa hagu ya ƙara ɗauka. Maɗaba'ar da ke buga kwalayen alawa ita ta yarda ta buga masa da tawada biyu. Gwaji na goma sha ɗaya ne ya yi daidai. Tabarau kuwa da hannu yake yanka su daga ragowar kwalin alawar, ya lika ledar naɗe ta. Da ya zo likawa ranar farko, jar leda ce a sama, idon dama ne kuma ke da haƙƙin farko, sai ya ba dama ja. A kan haka ya daidaita bugunsa, a kan haka garinmu ya tashi. Babu wanda ya taɓa tambayar yadda sauran duniya ke yi, don babu wanda ya ga dalili.

Abin da baƙi ba su sani ba shi ne, mutumin da ya shekara ashirin da shida yana yin hotunan nan bai taɓa ganin zurfinsu ba ko sau ɗaya. Hannun mutane yake kallo. In ya miƙa wa mutum hoto da tabarau sai ya koma kujerarsa ya zuba wa yatsunsa ido. In hoton ya yi, hannun zai tashi da kansa ya tsaya a iska, sama da takardar, yana neman tsinke furen da babu shi. In bai yi ba, hannun yana nan a cinya. Na taɓa zama na ƙirga mutum hamsin a jere. Arba'in da uku sun kai hannu. Huɗu sun karkata kai suna son leƙa bayan ganye. Uku, dukansu dillalai, sun daure sun ce ba wani abu ba ne, sannan ɗayansu ya shafi takardar a ɓoye da ya ga kamar ba a kallonsa.

Na tambaye shi ko ba ya jin haushi.

Ya ce, "Haushin me? Mai dafa abincin biki yana ci ne? Ni fuskokinku nake kallo, kuma sun fi hoton ban dariya."

Amma sassaƙa ba ta taɓa barinsa ba. A bayan shagon yana da ɗan benci, tsakanin azahar da la'asar in babu aiki sai ya zauna da guntun katako. Ya daina dogara da ido. Ya sari kaɗan, ya sa babban yatsa ya ji, ya ƙara sara. Shekaru yana yi yana zubarwa, ko ya ba mai gasa kifi ya hura wuta. Da ƙaramin masallacin lungunmu ya tashi canza ƙofa, sai ya je wurin liman ya ce a bar masa. Masu sassaƙa bakwai na lungun suka kalli juna, amma ba wanda ya iya cewa a'a a gaban liman.

Shekara huɗu da wata biyar ya yi. Ƙyaure biyu, tsayinsu mita uku ba santimita goma. Fure arba'in da shida, ganye ɗari uku da goma sha biyu, na ƙirga sau uku. Mutum takwas suka ɗaga kowane ƙyaure ranar da aka kafa. Masu sassaƙan suka zo ɗaya bayan ɗaya suna zura yatsa a bayan ganyen, kuma tun ranar suka daina yi masa mitar hoto.

Usta Mitwalli bai gani ba. Shekara goma sha biyu ke nan da matarsa ta rasu, 'yarsa Hajja Bahiga ta ɗauke shi zuwa Asyut inda mijinta ke aiki. Yana da shekara casa'in da ɗaya, ƙafafu sun ƙi, ko ƙofar gida sai an riƙe shi. Hajja ta ji labarin ƙofar ta kira ni ta ce babanta yana tambaya. Ni da gaggawata, ban shawarci kowa ba, na tsaya a gaban masallaci na ɗauka da waya na tura. Bayan minti ashirin ta kira, muryarta a sanyaye.

"Tahani, na nuna masa."

"Me ya ce, Hajja?"

"Ya ce ya gani, Allah ya yi albarka. Ya ce injinan yanzu sun iya aiki."

Na gaya wa Kawu, don ba na iya riƙe magana. Bai yi faɗa ba. Ranar kofi biyu kawai ya sha. Washegari ma biyu. A rana ta uku na same shi a gaban masallaci da hantsi, ya kafa kyamara a kan katakonta mai layi, yana jiran rana ta karkato ta gefe.

Ya ce, "Ba yabo nake nema ba, 'yar nan. Shi ya ce mai ido ɗaya ba ya sanin zurfi. So nake ya gani da idonsa biyu, tun yana da su. Ƙofa ba za ta je ba, shi ba zai zo ba. To sai takarda ta je."

Hoto uku ya shirya. Ɗaya na ƙofar gaba ɗaya, biyu na kusa waɗanda ya sa aka buga daidai girman sassaƙar, fure a takarda kamar fure a katako. Ya gwada su a kan mahaifiyata da liman, hannayensu suka tashi, ya gamsu. Ya sa su tsakanin falankai biyu ya ɗaure da igiya, ya ce ba mai buɗewa sai a gaban Usta.

Ni na ɗauki nauyin tafiyar, don ni na jawo. Mako guda kafin nan na raka kaya Alƙahira, na ga wani shago yana sayar da tabarau na ja da shuɗi, na kamfani, farare tas, da maƙalin kunne. Na gwada a hoton da mai shagon ya rataye, wani kifi ya taho har hancina. Na tuna na Kawu, masu tambarin alawa a goshi da gam a gefe, na ce a raina dattijo kamar Usta ai ba a kai masa kwalin alawa ba. Na ɗauki goma sha biyu. Da safen tafiya na zare na Kawu daga jaka na ajiye a kan kabad, na sa sababbin, ina murna zan ba shi mamaki. Na ƙirga su sau biyu, sha biyu cif. Wane ido ne ja, wannan ban duba ba.

Mun tashi bayan asuba. Awa uku da kwata a mota zuwa Alƙahira, awa shida a jirgin ƙasa zuwa Asyut. Tsarabarmu alawar mushabbak kilo biyu da farin cukun garinmu gwangwani ɗaya. Kawu ya ɗora falankan a cinya bai sauke ba ko da zai ci abinci. Sau tara ya taɓa igiyar.

Bayan la'asar kaɗan muka isa. Hajja Bahiga ta shigar da mu wani ɗaki mai babbar taga. Usta yana zaune a kan gado an tokare shi da matasai uku, ya ƙanƙance, amma hannayen suna nan da faɗinsu. Kawu ya durƙusa ya sumbaci hannun.

Usta ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka tsufa, yaro."

"Sittin da ɗaya, Usta. Kai ne dai ka ƙi."

"Wannan wace ce?"

"'Yar ƙanwata ce, Tahani. Kada ka bari ta daɗe a ɗakin nan, za ta gaya maka yawan haƙoranka."

"Huɗu ne, na hutar da ita. Kun zo da mushabbak ko kun zo kallona ne kawai?"

Sai da ya ci guda biyu, Hajja tana hararar sa saboda sukari, sannan ya yarda a kwance igiya. Hajja ta ce an yi masa aikin ido bara, duka biyun, yanzu har zare yake zura mata a allura. Kawu ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ya jingine hoton kusa na farko a kan matashi, inda hasken taga ke sauka. Ya miƙo mini hannu ba tare da ya waiwayo ba, idonsa yana kan takarda, na ɗora masa sabon tabarau. Ya sa wa Usta, ya ja da baya ya zauna a ƙasa yana kallon hannun tsohon.

Na ƙirga daƙiƙa arba'in. Sannan hannun ya tashi. Bai tsaya a iska ba. Ya tafi kai tsaye, babban yatsa ya danna tsakiyar furen har takardar ta lotsa.

Usta ya ce, "Fikri, wannan ƙofa ce ko mazubin alawa?"

"Ƙofa ce, Usta."

"To me ya sa ka rarake ta ciki? Fure ya faɗa rami, ganye ya bi shi. Aikin da tsabta, ban hana ka ba. In aka zuba narkakken sukari a ciki za a sami abu mai kyau."

Hajja ta karɓa ta sa. Ta daɗe, sannan ta ce cikin ladabi, "Kawu Fikri, wataƙila haka ake yayi yanzu a Dumyat."

Na fizgi wani daga jaka na sa. Furen da na sani, wanda na sha rataya jakata a kansa in zan gyara takalmi, ya koma kwari. Ganyen duk sun nutse kamar sawun ƙafa a laka. Na cire na goge na mayar, suna nan a nutse.

Kawu shi kaɗai ne ba zai iya dubawa ba. Bai tashi daga inda yake ba. Ya ce, "Usta, don Allah ƙara kai hannu. Nuna mini wurin da ya fi kusa da kai."

Usta ya nuna gefen furen, inda katakon yake a shafe.

"Wanda ya fi nisa fa?"

Ya nuna tsakiyar furen, wurin da ya fi ko'ina tudu.

Kawu ya gyaɗa kai. "Ba a lalace yake ba, a juye yake. Tahani, miƙo mini abin da ke fuskarki."

Ya ɗaga tabarau ɗin saitin taga, ya juya shi gaba da baya, ya shafa farin kwalin. Ya dube ni.

"Ina kwalin alawata?"

"Yana kan kabad, Kawu. Na ga waɗannan sun fi kyau."

"Sun fi kyau. Wa ya ba hagu ja?"

"Haka kamfani ya yi su, a Alƙahira na sayo."

"Kamfanin ba a koya masa fara abu da dama ba?"

Usta ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, Hajja tana bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Mutanen Alƙahira ke nan. Ko wando ta wuya suke cirewa. Yarinya, kin ƙirga su kuwa?"

"Sha biyu ne, Usta."

"Madalla. Sha biyu, duk a karkace."

Kawu ya lanƙwasa maƙalan kunnen suka koma ɗaya gefen, bayan tabarau ya zama gaba, ja ya dawo dama. Ya sake maƙala wa tsohon. Ya koma ya zauna a ƙasa.

Wannan karon daƙiƙa uku kawai na ƙirga. Usta ya janye kansa baya kamar an miƙo masa abu a fuska. Hannun ya tashi a hankali ya tsaya a iska, tazarar yatsu kaɗan daga takardar. Babban yatsa da manuni suka haɗu suna neman gefen furen. Suka kama iska. Ya sake gwadawa. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana son ganin abin da ke bayan ganye.

Ya ce, "Bahiga, matso da shi." Sannan, "A'a, mayar."

Ya jera yatsunsa a gefen furen kamar mai awo. "Wannan ya taso yatsa biyu da rabi."

Na san furen, na taɓa sa masa rula, santimita huɗu da rabi ne. Na kalli yatsun Usta na lissafa. Bai kuskure ba.

"Ka shiga bayan ganyen nan. Da wane ƙarfe?"

"Mai lanƙwasa, Usta, ƙaramin. Na ƙara masa lanƙwasa a wuta."

"Da me ka auna?"

Kawu ya ɗaga babban yatsansa.

Usta ya bi reshe da yatsa a iska, daga ƙasa har sama. Ya sa aka kawo hoto na biyu, sannan na ƙofar gaba ɗaya, sannan aka dawo da na farko. Minti goma sha takwas bai cire tabarau ba. Da ya yi magana, bai juyo ba.

"Inji ba ya yin wannan. A lungunmu ma, a zamanina, mutum biyu ne za su iya, ni da wani da ba na son ambaton sunansa. Shekara arba'in da huɗu ina cewa na yi maka gata da na kai ka wurin mai hoto. Ashe gaggawa na yi. Da na ba ka katako na biyu."

Kawu ya sunkuyar da kai yana murmushi, yana murza gefen tabarma. Ya ce, "Da ka ba ni, Usta, wa zai ɗauko maka ƙofa a hammata ya kawo Asyut?"

"Kada ka yi mini wayo. Kuma kada kanka ya kumbura, akwai gyara. Ƙyauren hagu, ganye na uku daga ƙasa. Ka ji tsoro a nan. Ka tsaya saura kaurin ƙwayar shinkafa biyu."

"Ban ji tsoro ba. Haka jijiyar katakon take."

"Jijiyar katako ko jijiyar mai sassaƙa?"

"Usta, a takarda kake gani fa."

"Kai ka kawo takardar. In ƙarya take yi, gaya mini in mayar da abin da na faɗa ɗazu."

Suka yi ta yi kamar sa'o'in juna, Hajja ta kawo shayi ya huce ba wanda ya taɓa. Can Usta ya ce a kira maƙwabta. Na zauna na lanƙwashe sauran tabarau goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya. Kafin magariba mutum talatin da ɗaya sun shigo ɗakin nan. Mai gyaran famfo na ƙasan bene ya nemi ya rataya hularsa a kan fure. Wata tsohuwa ta yi bisimilla ta ɗaga ƙafar dama za ta shiga masallacin. Usta yana kan gado yana ba da umarni, wa zai tsaya a ina, wa ya cika matsowa, yana gaya wa kowa cewa a hannunsa aka koya. Kawu yana gefe da kofinsa yana kallon hannaye. Ashirin da takwas suka tashi.

Hotunan ba su dawo tare da mu ba, Usta ya ce a jingine masa su inda zai gani daga gado.

Washegari muka sauka a Dumyat ana shirin la'asar. Na ce mu wuce gida mu ajiye jaka, Kawu ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙe sai masallaci. Ya tsuguna a gaban ƙyauren hagu, ya ƙirga daga ƙasa, ɗaya, biyu, uku. Ya rufe ido ya zura babban yatsa a bayan ganyen, ya zare, ya zura a na kusa da shi, ya dawo. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza.

Liman ya fito yana gyara hannun riga ya ce, "Lafiya, Fikri? Kuka kake ko dariya?"

"Tsohon nan ya yi gaskiya, Malam. Daga Asyut, a kan gado, ta cikin leda."

Ya aike ni shago na ɗauko ƙaramin ƙarfen da guduma. Liman ya dafe ƙyauren da kafaɗa don kada ya motsa, masu zuwa salla suka tsaya a bayanmu da takalma a hannu. Kawu ya yi bisimilla ya sara sau uku, ya hure, ya sa yatsa ya ji. Ya ƙara ɗaya.

Liman ya ce, "Mu shiga?"

Kawu ya kakkaɓe gwiwarsa ya ce, "Ku shiga, ƙofa ta kammala."